Ƙofar Baya

Lokuwa, Mubi
12 ga Janairu, 2025

Zuwa ga ɗana Vandi,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Yesu Almasihu. Yaya aiki, yaya Fatakwal da ruwanta da ba ya ƙarewa? Mu nan lafiya lau. Yayarka Dorathy da mijinta da yara suna gaishe ka. Ƙafata ta yi sauƙi.

Kada ka yi mamakin ganin takarda. A waya ba ka barina in kai ƙarshen magana, sai ka ce, "Mama zan kira ki," shi ke nan sai wata Lahadin. Shekara uku na yi a kan benci a ajin Zumuntar Mata, da furfurata, ina koyon a da ba, kuma ba don in karanta katin asibiti kaɗai na koya ba. Dorathy za ta ɗauki hoton takardar ta tura maka. Kai ma ka amsa da hannunka, ka yi rubutu manya-manya.

Jiya na je filinmu na hanyar Gella. Malam Gabdo magini ya zuba toka a ƙasa yadda zanen da ka aiko ya nuna, ya bi da ni layi-layi: nan falo, nan ɗakinki, nan na baƙi. Na gode wa Allah da ya nuna mini ranar da na taka ƙasar da ba ta haya ba. Ubanka bai gani ba, ni na gani. Allah ya yi maka albarka.

Amma wane ne ya zana maka gidan nan? Ya taɓa cin tuwo kuwa? Kicin a cikin ɗaki, kamar kwalin ashana. A ina zan hura itace, a ina zan kafa turmi? Ga kuma bayan gida a jikin gadona. Gabdo ya ce haka manya suke yi yanzu, na ce to su ji da warinsu. Duk wannan zan iya haɗiyewa.

Ga abin da ba zai wuce mini a wuya ba. Sau biyu na zagaya layin katanga ina neman inda tokar ta yanke. Wuri ɗaya ne tak, get, ta bakin titi. Na ce wa Gabdo ina ƙofar baya? Ya duba takarda, ya juya ta, ya sake juyawa, ya ce babu. Katanga bulo goma sha biyu a tsaye, a kanta waya mai reza, ƙofa ɗaya. Vandi, gida kake gina mini ko kurkuku? Ko gafiya ba ta haƙa rami mai baki ɗaya.

Bayan filin akwai gonar dawa, daga ita sai hanyar ƙafa da ta hau dutse. Nan nake son ƙofa. Ba babba ba, wadda mace da goyo za ta iya wucewa. Ka gaya wa mai zanen ya gyara kafin a zuba fandisho.

Ka riƙa cin abinci da zafinsa. Allah ya tsare.

Ni ce mahaifiyarka,
Susana Ya'akubu

*

Fatakwal
19 ga Janairu, 2025

Mama,

Ina gaisuwa da ladabi, da fatan kin tashi lafiya. Na ga takardarki, har na nuna wa abokan aikina. Rubutunki ya fi na ogana kyau, ba wasa nake ba.

Maganar kicin na yarda. Na ce wa Gabdo ya yi miki rumfar kwano a tsakar gida, ki sa murhu da turmi yadda kike so. Bayan gida kuwa zai tsaya inda yake saboda ƙafarki. Ba na son kina fita da damina kina zamewa a taɓo.

Ƙofar baya ce ba za ta yiwu ba, Mama. Wanda ya zana gidan ba ɗan koyo ba ne, aikinsa ke nan, ya zana gidajen manyan kamfaninmu. Ya ce duk ƙofar da aka ƙara a katanga gayyata ce aka aika wa ɓarawo. Filin nan a bakin gari yake, bayansa jeji. Kin manta abin da aka yi wa Baba Joel na cocinmu bara? Ta ƙofar baya suka shiga, suka kore awakinsa, suka sare shi a kafaɗa. Ke kaɗai za ki zauna a gidan, ni ina nan, tafiyar kwana biyu a mota. In na san akwai ƙofa ta gefen gona, hankalina ba zai taɓa kwanciya ba.

Sannan don Allah kada ki riƙa ba Gabdo umarni a wurin aiki. In kowa ya sa baki, gini karkacewa yake yi. Ki je ki gani, ki yi mana addu'a, ki dawo gida ki huta. Wahalarki ta ƙare, ki bar ni da wannan.

Ki gaishe da Yaya Dorathy da yara.

Ɗanki,
Vandi

*

Lokuwa, Mubi
9 ga Fabrairu, 2025

Vandi,

Ina gaishe ka don haka aka koya mana a fara takarda, ba don raina yana so ba.

Katanga ta kai ƙuguna. Na sa Gabdo ya bar gurbi ta baya, taku biyu, ya bari. Sai ranar Alhamis ka kira shi. Hannunsa duk siminti, sai ya sa wayar a sifika ya ajiye kan bulo. Lebura shida suna ji, mai kawo ruwa yana ji, kana cewa, "Kada ka saurari tsohuwa, tsoro ne ya yi mata yawa, ka toshe kawai." Ina tsaye a wurin da bokitin kunun da na dama musu.

Tsohuwa! Ni da na tauna gyaɗa na sa maka a baki. Leburori suka sunkuyar da kai, ɗaya ya cusa fuskarsa cikin hula yana dariya. Gabdo ya rasa inda zai sa idonsa. Haka aka koya muku a Fatakwal, ɗa ya sayar da uwarsa a gaban ma'aikata?

Suka toshe, tunda kai ne mai gida. Na jira suka tafi sallar azahar, simintin bai kama ba, na cire bulon ɗaya bayan ɗaya. Guda tara. Na jera su a gefe, ko ɗaya ban fasa ba, kada ka ce na yi maka ɓarna. Har yau bayana bai daina ciwo ba.

Ka kawo mini labarin Baba Joel. Baba Joel awaki ya rasa. Yana nan da ransa, ranar Lahadi ma shi ya karanta sanarwa a coci, ya daɗe kamar kullum. Shi kuma mai zanen naka, ka tambaye shi yana ina shekarar gudu, ranar da Mubi ta watse. In ya ce yana Fatakwal yana shan iska, ka ce masa ya zana wa kifi gida, ya bar mu.

Ka ce in je in yi addu'a in dawo. Na yi. Abin da ya zo mini a cikinta shi ne in gaya maka gaskiya: in babu ƙofar nan, ko kwana ɗaya ba zan yi a gidan ba. Zan ci gaba da zama a gidan surukina, ina ɓoye tabarmata in baƙinsa sun zo. Kunyar nan na saba da ita.

Allah ya ba ka kunnen ji.

Uwarka, tsohuwa,
Susana

*

Shuware, Mubi
20 ga Fabrairu, 2025

Zuwa ga Injiniya Vandi,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Na kira sau uku ba ka ɗaga ba, sai yayarka ta ce yanzu gidanku da takarda ake magana, shi ne ni ma na nemi biro.

Aikin ɗakuna yana tafiya, mun kai linta. Yashi mai kyau muka samu daga mayo, wato kogi, rodi ma ya iso. Katanga ta kai sama ta gefe uku da rabi. Sauran rabin, mahaifiyarka, Maman Zira, tana zaune a ciki.

Tun ƙarfe bakwai take zuwa da kujera da laima da kwanon gyaɗar da take ɓarewa. Ba ta tashi sai ta ga mun wanke cebur. Yau kwana goma sha ɗaya. Na ce mata, "Mama, aikin ɗanki ne, ki taimake ni." Ta ce, "Kawo siminti ka haɗa da ni, ai bulo ya yi tsada." Leburori sun sa wa wurin suna ofishin Mama, mai son gyaɗa can yake zuwa. Ni dai ba zan ɗora bulo a kan sa'ar uwata ba, ko za ka kore ni.

Injiniya, ba na shiga tsakanin ɗa da uwa. Amma shekara ashirin da shida ina gini a garin nan. Kafin shekarar gudu ba mai tambayata ƙofar baya sai mai shanu. Tun da aka dawo kuwa, ban gina gida ɗaya ba, na Kirista ko na Musulmi, da mai shi bai ja ni gefe ya ce, "Gabdo, ka bar mini ƙarama ta baya" ba. Wasu har su ce a shafa mata fenti irin na katanga, kada a gane. Nawa gidan biyu ne da shi. Kai ba ka nan lokacin, shi ya sa abin yake maka kamar rigima.

Ka ba ni magana ɗaya. Azumi ya kusa, akwai aiki yana jirana a Uba, kuma ya kamata a rufe kwano kafin ruwan fari. Useko, na gode.

Naka,
Gabdo magini

*

Fatakwal
2 ga Maris, 2025

Mama,

Ina gaisuwa. Kalmar da na faɗa a waya kuskure ce, ki yafe mini. Sauran kuwa ba zan janye ba.

"Kai ba ka nan." Shekara goma ina jin wannan magana. Yaya Dorathy ta faɗa, Baba ya faɗa har ya koma ga Allah, yanzu har magini ya samu bakin faɗa mini. Laifina ne da nake makaranta a Jos? Ku kuka tura ni. Kwana uku na yi a tasha ina kiran lambobinku ba sa shiga, duk motar da ta iso daga Yola sai na leƙa fuskokin mutane. Amma kullum in aka zo maganar, sai ku kalli juna ku canza zance, kamar baƙo ya shigo.

Kin san abokina Wisdom ya turo mini hotonki? Kina zaune a gurbin katanga da laima, mutane sun tsaya a kan babur suna kallo. Ya rubuta a ƙasa, "Sabon maigadinka?" Shekara shida ina hawa turakun wuta cikin ruwan sama, ban yi aure ba, ɗaki ɗaya nake kwana da mutum biyu, don kawai ki samu inda ba mai ƙwanƙwasa miki ƙofa ya ce ki tashi. Sakamakona ke nan, in zama abin dariya a Mubi.

Tunda tsoro ake magana, ni ma ina da nawa. Ki tuna yadda Yaya Zira ya mutu. A hanyar Maiha, a fili, inda ba bango ba ƙofa, harsashi ya same shi yana gudu. Ku kuka gaya mini. Da yana bayan katanga mai tsawo da get na ƙarfe, da yau yana nan da 'ya'yansa. Abin da bai samu ba shi nake gina miki, ke kuma kina cire bulo.

Na ba Gabdo zuwa ranar Asabar ya rufe, a ɗora waya. In kin ce ba za ki shiga ba, zan gama gidan in sa 'yan haya. Na gaji, Mama.

Ɗanki,
Vandi

*

Lokuwa, Mubi
5 ga Maris, 2025

Vandi,

Gaisuwa. Tunda ka kawo sunan Zira, ka nemi wuri ka zauna kafin ka ci gaba.

Yayanka bai mutu a hanyar Maiha ba. Ubanka ne ya shirya wannan magana muna gudun hijira a Kamaru, ya sa ni da Dorathy muka ɗora hannu a kan Littafi cewa ba za mu gaya maka ba. Yau na karya rantsuwar. Shi zan amsa wa in mun haɗu.

Ka san gidan hayar da muke ciki, kan babban titi. Katanga doguwa, get ɗaya. Ranar Laraba ce da safe, ina tsince wake, ubanka ya tafi gona a Gella. Harbi ya taso. Kafin mu ƙulle kaya motocin maharan sun tsaya a titi, daidai bakin get ɗinmu. Mu goma sha ɗaya ne a tsakar gida, mata da yara, namiji babba Zira kaɗai.

Ya jawo turmina ya kifa a gindin katangar baya, ya hau, ya shimfiɗa bargo a kan kwalaben da ke sama. Ɗaya-ɗaya ya riƙa ɗaga mu. Tun a mutum na huɗu bargon ya yage. Dorathy da cikin wata bakwai haka ya tura ta. Ni ce ta ƙarshe. Na ce ya fara hawa, ya ce, "Mama, ke ba ki da nauyi, sa ƙafa a kafaɗata." Na faɗa cikin dawa ta can gefen. Na ɗaga kai na ga hannuwansa biyu sun kama saman katanga. Ba mai tura shi daga ƙasa. Kwalabe suka shige tafinsa, ya saki. Ya sake kamawa, ya sake saki. Sai na ji get ya faɗi. Dorathy ta toshe mini baki ta ja ni.

Da ubanka ya dawo gari, a gindin turmin ya tattara abin da ya rage. Da bel ɗinsa ya gane shi.

Taku biyu, Vandi. Da akwai ƙofa mai faɗin taku biyu a bangon nan, da mu goma sha ɗaya mun fita da ƙafafunmu kafin a ƙirga ashirin.

Tabon hannuna da na ce maka lauje ne, ba lauje ba ne.

Kuma ka san wanda ya dasa kwalaben nan. Hutun da ka zo kafin abin ya faru, mai gida yana kukan ɓarayi, kai ka bi shaguna ka tara kwalabe buhu biyu. Ka farfasa su, ka hau tsani ka jera su cikin siminti, ka kira ni in zo in ga yadda suke ƙyalli a rana. Na zo, na yaba maka. Ni ma na yaba maka. Shekararka goma sha bakwai, kare mu kake yi, ba ka da laifi a gaban Allah ko a gabana. Shi ya sa ubanka ya ce a bar ka da hanyar Maiha.

Amma yau ba yaro ba ne kai. Yau ma kare ni kake yi, na sani. Ka cire kwalba ka sa reza, ka ƙara bulo biyu a kan na wancan gidan, kana so in shiga in kwanta in ce na gode. Shi ne kake kirana mai tsoro a gaban leburori. I, ina tsoro. Na ga hannun ɗana sau biyu a kan katanga.

Ka yi haƙuri da rubutun.

Uwarka,
Susana

*

Lokuwa, Mubi
27 ga Maris, 2025

Ɗana Vandi,

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangiji. Yau kwana ashirin da biyu. Dorathy ta ce wayar ta nuna ka buɗe takardar tun ranar. Na kira, tana ƙara har ta gaji. Na sa an tambayi Wisdom, ya ce kana zuwa aiki. To, da rai dai kake.

Dorathy ba ta yi mini magana kwana huɗu ba. Ta ce na ɗauki wuƙar da Baba ya ɓoye na soka maka don in ci gardama. Na zage ta, amma na san da gaskiya a bakinta. Fushi ne ya riƙe biron ranar. Da na sani da ban je ajin nan ba, da na zauna da jahilcina, bakina yana da nauyi, hannuna ne ba shi da kunya.

Kai ma ina fushi da kai. Uwa ta buɗe maka cikinta, ka bar ta tana kallon waya kamar mai jiran sakamakon asibiti? Ko zagi ne ka rubuto, zan karanta.

Na tashi daga gurbin. Ranar Litinin na kwashe kujerata na ce wa Gabdo ya rufe. Ya tsaya yana kallona, ya ce, "Mama, kin tabbata?" Na ce gidan mai gida ne. Ya rufe da bakin azuminsa yana ta tsaki, bulo goma sha biyu, ya shafe. An buga kwano, ja, ana hango shi daga titi. Waya mai rezar tana nan a naɗe, ya ce ba zai ɗora ba sai ya ji daga bakinka. Ya wuce Uba.

Ba zan shiga gidan ba, wannan ban canza ba, ba zan iya ba. Ka sa 'yan hayarka. Amma na rasa ɗa ɗaya a gindin katanga, ba zan rasa na biyu a kan ƙofa ba.

Ka rubuto. Ko layi ɗaya.

Ni ce,
Mamanka

*

Fatakwal
6 ga Afrilu, 2025

Mama,

Ina gaisuwa. Ina lafiya.

Na yi magana da Gabdo. Ƙofa ta gefen gona, ƙafa uku, sakata daga ciki, ba kwaɗo. Waya mai rezar kuwa ya mayar wa mai shago. Na ce kada ya taɓa bangon sai na iso ranar Asabar. Ni zan riƙe gudumar.

Ban huce ba, Mama. Da ke, da Baba, da Yaya Dorathy, da wani yaro a kan tsani. Wannan ba zan iya rubuta shi ba.

Ki shirya, in mun gama ki kai ni in ga katangar can ta gidan haya.

Ɗanki,
Vandi